Noman Siminti

Da hantsi ne ɓallin kankare ya faɗo daga rufin falo. Baba Ƙulli yana zaune a kujerarsa da kofin shayi a hannu, sai ya ji tim, ƙura ta tashi. Allah ya kiyaye, bai same shi ba. Rediyo ce ta ɗauki dukan a kan tebur, ta yi shiru a tsakiyar labarai, kuma ba ta sake magana ba har yau. Ya ajiye kofin, ya ɗaga kai. A gurbin da ɓallin ya bari, ga rodi nan tsirara, ja wur da tsatsa, ya kumbura yana ɓarewa falle-falle. Ba sai an gaya masa wanda ya ɗaura wannan rodin ba, shi ne da hannunsa.

Daga ɗakin baya matarsa ta kira shi, da harshenta da ya yi nauyi tun da ɓarin jikinta ya shanye.

"Malam, mene ne?"

"Ba komai, rediyo ce ta fashe."

Rediyon kam ta fashe. Amma abin da ya dame shi daban ne. In rufin falo ya kai haka, to ina ga na ɗakinta, wanda tankin ruwa yake zaune a kansa?

Ɗaurin rodi ne sana'arsa tun yana saurayi. Kafin a zuba kankare a gini, sai an shimfiɗa sandunan ƙarfe, an gicciya su, an ɗaure kowace mahaɗa da waya. Su ne ƙashin ginin. Sana'a ce ta marasa son yabo, ko kuma waɗanda suka haƙura da shi, don da zarar an zuba kankare aikinka ya shige ciki ke nan, ba mai ƙara ganinsa. Ranar tarewa mai fenti ake yi wa sannu da aiki. Shi dai bai taɓa damuwa ba. Yana da irin ɗaurinsa: ya murɗa wayar da filaya, ya lanƙwasa wutsiyarta ciki don kada ta leƙo ta ba ruwa hanya. Duk wanda ya yi aiki tare da shi zai gane ɗaurinsa ko a cikin dubu. Daga nan sunan Ƙulli ya samo asali, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Abin taƙamarsa ɗaya ne, kuma yana faɗarsa ko ba a tambaye shi ba: bai taɓa kwance ƙullin da ya yi ba.

Mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da abu biyu. Na farko biskit, wato 'yan ƙananan dunƙulen siminti da ake sa wa a ƙarƙashin rodi don ya ɗaga, kankare ya lulluɓe shi ta ko'ina. In ya ga an shimfiɗa rodi a kan katako ba biskit, sai ka rantse an zagi uwarsa. Na biyu algus. Ya taɓa tattara kayan aikinsa ya bar wani gini ana tsakiyar kwaɓi, saboda ya ga ana rage siminti ana cike gurbin da ƙasa. A wurinsa siminti, yashi, tsakuwa da ruwa su ne kankare. Duk abin da ya ƙaru a kan haka sata ce aka yi wa ado.

To da wannan kan nasa ya zo gina gidansa, a wata unguwa ta gangare inda ruwan rijiya zartsi ne. Ka sha ka ji gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa a ciki, kuma gindin kowane bango a layin yana da farin gemu. Ya daɗe yana ginin, bulo bayan bulo, har aka kai ga rufi. Ya ce shi ba kwano zai sa ba. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗaura wa mutane rufin kankare ai ba zai kwana a ƙarƙashin langa-langa ba.

A lokacin 'yarsa ta tsakiya tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin injiniya. Ita ce ta ɗauko kansa, taurin da komai. Tun tana ƙarama take bin sa da tambaya, me ya sa wannan, me ya sa wancan, har sai ya ce ta je ta tambayi uwarta. Wata ranar hutu ta dawo gida a motar haya da buhuna uku a baya. Ya buɗe ɗaya, ya damƙo. Gari ne mai laushi, ya fi siminti laushi, launinsa fari-fari.

"Wannan fa?"

"Toka ce, Baba. Ta buntun shinkafa."

"To, sannu. Tukwanen uwarki za a wanke?"

"A siminti za a sa."

Ya dube ta, ya dubi buhun, ya kakkaɓe hannunsa a wando. Ita kuwa ba ta ko ƙifta ido ba, ta shiga yi masa bayani. Ta ce ba tokar murhu ba ce, ta murhu ba ta da amfani a nan. Wannan a tanderun makaranta aka ƙona ta da zafin da aka auna, aka niƙa ta har ta koma haka. Ta ce kankare, komai kyansa, yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwan gishiri yake sulalewa a hankali har ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. In aka cire siminti kaɗan aka maye gurbinsa da wannan tokar, sai ta haɗu da wani farin sinadari da siminti yake bari a baya in yana daskarewa, su zama abu ɗaya, su toshe ƙofofin. Sai dai tana da sharaɗi: ba ta sauri, kuma tana son ruwa. In aka bar ta ta bushe da wuri, gara ma ba a sa ta ba.

Duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa, a cire siminti.

"Wato abin da na bar aiki saboda shi, shi suka koya miki a makaranta? Har da takardar shaida za su ba ki?"

"Baba, ba algus ba ne."

"A gidana? A kan kawunan ƙannenki?"

Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta tashi daga wurin ba. Uwar tana gefe tana ninke wanki. Mace ce da ba ta cika sa baki a maganar gini ba, ta bar masa wannan fagen tun ranar da aka kawo ta gidansa. Ran nan dai ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Malam, ɗakin baya na wa ne?"

"Naki mana."

"To a zuba mini tokar 'yata a kansa. In ya faɗo, ni zai faɗo wa."

Ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya ƙi cin abinci da rana ya ci da yamma. Ta yi kunnen uwar shegu da shi. A ƙarshe ya sa kafinta ya raba rufin biyu, aka bar tsaga tsakanin na ɗakin baya da sauran gidan, wai in nata ya tashi faɗuwa kada ya ja nasa. Amma rodin ɗakinta haka ya ɗaura shi kamar kowane, ƙulli bayan ƙulli, da biskit ɗinsa cif. Ko yana fushi hannunsa bai iya mugun aiki ba.

Aka zuba duka biyun da ruwan tanka mai daɗi. Bayan kwana biyu-uku ya hau da abokinsa Dogo birkila, ya ciro ƙusa daga aljihu. Haka magina suke gwada kankare tun kafin a haife shi: a karta da ƙusa a ga ko ya kama. Ya karta nasa, ƙusa ta zame, da ƙyar ta bar alama. Ya karta na tokar, ta shiga ta bar layi. Dogo ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Injiniya Toka!" Baba Ƙulli ya ƙwala kira daga sama. "Zo ki ga aikinki!"

Sunan ya bi ta. Ƙannenta suka ɗauka, maƙwabta suka ɗauka, har ta yi aure wasu ba su san tana da wani suna ba. Ta ce masa ƙusa ba ta ganin abin da zai faru nan gaba, yanzu tokar ta fara aiki. Ya ce ƙusar nan ta girme ta a sana'a.

Ya shayar da nasa ɓangaren 'yan kwanaki, yadda aka saba, ya koma wurin aiki. Yarinyar ta koma makaranta. Kafin ta tafi ta ja uwarta gefe ta bar mata saƙo: kada rufin nan ya bushe, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, kuma kada a kuskura a sa masa ruwan rijiya. Famfon da ke da ruwa mai daɗi kuwa yana can ƙarshen layi.

Uwar ba ta san komai game da ƙofofin da ido ba ya gani ba, kuma ba ta yi kamar ta sani ba. 'Yarta ta ce a yi, shi ke nan. Safe da yamma take ɗaukar bokiti ta bi layi, ta dawo, ta ɗaure zani, ta hau tsanin katako da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da bokiti. Ta yayyafa, ta sauko, ta koma famfo. Matan layin suna kallonta ta katanga. Shi kuma in ya dawo ya gan ta a sama sai ya tsaya a tsakar gida ya riƙe ƙugu.

"Manomiya, sannu da aiki! Yaya noman siminti? Ya fara tsiro?"

"Sai dai a bari a gani, Malam."

Ta fi wata tana wannan hawa da sauka. Kafaɗarta ta dama ta riƙe, har sai da aka riƙa gasa mata da ruwan zafi. Bai taɓa karɓar mata bokitin ba, ko sau ɗaya. Abin da ya yi kawai, ya bar sandunan tokare a ɗakinta sun daɗe bayan an cire na ko'ina, don a zuciyarsa yana jiran ranar da abin zai rufto.

Bai rufto ba. Aka cire sandunan, aka yi shafe, aka tare. Da za a ɗora tankin ruwa, sai ya zama saman ɗakinta ne ya fi kusa da rijiya, nan aka ɗora shi. Tankin kuwa ba ya rabo da ambaliya, don yara sukan kunna inji su manta. Nan ake wanki, nan ake shanya, ruwan zartsi ya kwanta a rufin ya malala har zuwa saman falo. Shekaru suka tafi a haka, sun fi ashirin. Yara suka watse. Injiniya Toka ta zama injiniya ta gaske, tana aiki a wani ɗakin gwajin kayan gini a wani gari. Tsakaninta da ubanta ba gaba, tana zuwa, tana yi masa hidima, suna dariya. Maganar rufin ce kawai ba wanda yake ɗaukowa.

Sai ciwo ya kama uwar. Ɓarin dama ya tafi, hannun da ƙafar. Ɗakin baya ya zama duniyarta, kuma shi ne ya gyara mata ita. Ya lanƙwasa rodi ya kafa a jikin bango, daga bakin gado har ƙofar banɗaki, ya naɗe shi da tsumma don kada ya yi mata sanyi. Da hannun hagu take kama shi ta ja jiki, ba sai ta kira kowa ba. Ta san kowane taku. Ta tagar ɗakin tana ganin ƙofar gida, ta san wanda ya shigo da wanda ya fita. Babban ɗansu ya sha cewa a kai ta wurinsa, amma shi a hawa na uku yake zaune, kuma ta gaya musu sau ɗaya, a fili, cewa in an fitar da ita daga ɗakin nan to a kafaɗa za a fitar da ita.

Wannan ne abin da ya tsaya wa Baba Ƙulli a rai ranar da rediyo ta fashe. Ya share ƙurar, ya kira Dogo, wanda yanzu ba ya gani sosai amma bakinsa yana nan. Dogo ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa rufin falo, ya ji yana amsawa kamar ganga.

"Wannan ya gama. Kai da ka yi da siminti tsantsa ke nan. Nata kuwa, mai toka, ga tanki a kai, wallahi ni ba zan bar ko akuya ta kwana a ciki ba."

Da la'asar ya kira 'yarsa a waya. Ya daɗe yana zagaye-zagaye, yana tambayar yara, yana tambayar aiki, kafin ya faɗa mata. Ta ce kada kowa ya ƙara zama a falo, ga ta nan zuwa jibi.

Bai iya jira hannu sake ba. Washegari ya shiga ɗakin matarsa da igiya, ya fara haɗa kayanta. Zannuwa a ƙunshi ɗaya, magunguna da kwanuka a kwali, ya ɗaure kowanne tam da irin ɗaurinsa. Bai ce mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Tana kwance tana bin hannunsa da ido. Da ya zo ɗaukar madubinta sai ta juyar da fuska bango. Ya fita tsakar gida ya zauna a kan bulo, ya rasa inda zai sa ransa.

Injiniya ta iso da safe, da guduma da cizil a jaka. Ta gaishe shi, ta shiga wurin uwarta, ta ga ƙunshin kaya jere a bakin ƙofa. Ta duba falo, ta girgiza kai, ta ce sai an sassaƙe an canja rodin wani wurin, amma zai gyaru. Sannan suka hau sama su biyu. Ta zaɓi wuri mafi muni, gindin tanki, inda gishiri ya yi fari fat. Ta durƙusa za ta fara, sai ya miƙa hannu.

"Ba ni. Ni na ɗaura shi."

Ya sa cizil ya buga. Guduma ta dawo masa har kafaɗa. Ya ƙara, ɗan ɓalli ya tashi kamar ƙwayar gero. Na falo da yatsa yake ɓarewa. Wannan kuwa sai da gumi ya jiƙa masa riga, yana bugu yana hutawa, kafin ya ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ya sunkuya ya hure ƙurar.

Rodin yana nan baƙi-baƙi, sumul, kamar ranar da aka sauke shi daga mota. Kuma ramin ya faɗa daidai kan mahaɗa. Ga wayar nan, murɗe, wutsiyarta lanƙwashe ciki. Tunda yake a sana'ar nan bai taɓa sake ganin ƙullinsa da kyansa ba bayan an binne shi. Ya sa yatsa ya shafa. Ta sa shi ya fasa wasu wuraren, a tsakiya da gefe, ta kuma bi rufin da guduma tana saurare. Ko'ina haka.

"Umma ba inda za ta," in ji ta. "A dai sauke tankin nan, a toshe ramukan da muka yi."

Ya zauna daɓas a kan rufin. Sannan ya ce, "Injiniya." Wannan karon bai ƙara komai a bayan sunan ba. "Allah ya yi miki albarka. Ni na yi ta kiran abin nan sata."

"Baba, ba tokar kaɗai ba ce. Da ba ka ɗaga rodin da biskit ɗinka ba, da gishirin ya same shi kusa. Kuma da an bar shi ya bushe a makon farko, da ya riga na falo lalacewa. Ni buhu uku na kawo na tafi. Wadda ta yi aikin tana ƙasa."

Ya sauko a hankali. Ya wanke hannu, ya shiga ɗakin baya. Tana zaune a bakin gado, ta kama rodin bango da hannun hagu, na daman yana kwance a cinyarta. Ta ji duk bugun da aka yi a kanta. Ya durƙusa a gabanta, ya ɗauki hannun daman, wanda ya yi ta jan bokiti a tsani, ya riƙe shi cikin nasa. Godiya ta cika masa ciki har ya rasa ta inda zai fara. Ita ce ta riga shi, tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Malam. Noman ya yi?"

"Ya yi," ya ce. "Wallahi ya yi. Na gode. Na gode miki."

"Sai yanzu?"

Ta yi murmushi da ɓarin bakin da ke motsi, ta nuna bakin ƙofa da haɓa.

"To kwance mini kayana."

Ya jawo ƙunshin farko ya sa farce a ƙullin. Ya ƙi. Ya sa haƙori, ya ƙi. Injiniya ta leƙo ta ce ko ta kawo wuƙa, uwar ta ce a'a, a bar shi, shi ya ɗaura. Haka ya zauna a ƙasa yana fama da igiya, hawaye yana sauka a gemunsa, su biyun suna yi masa dariya, har ƙullin ya saki.